Shin jijiyar da ta yanke ba ta sake tofowa?

An daɗe ana cewa idan jijiya ta yanke, shi ke nan, gaɓar ta mutu har abada. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba duka ba. Wani ɓangare na ruɗanin ma daga harshenmu yake, don da “jijiya” muke kiran ta jini, da agara, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. Ta ƙarshen nan ake nufi.

Jijiyoyin saƙo na hannu da ƙafa suna tofowa, sai dai a hankali: kusan milimita 1 a rana, wato wajen inci 1 a wata. Mutumin da gilashi ya yanka a wuyan hannu, aka ɗinke masa jijiyar, zai yi watanni kafin ji ya dawo kan yatsunsa. Gajen haƙuri ne ke sa a ɗauka ta mutu.

Na ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya kuwa ba su cika tofowa ba. Amma ƙwaƙwalwa tana buɗe sababbin hanyoyi ta ƙwayoyin da suka tsira. Shi ya sa mai shanyewar ɓarin jiki kan samu sauƙi da atisayen motsa gaɓoɓi, musamman a watanni 3 zuwa 6 na farko.

In ka ji irin wannan magana, fara tambaya: wace jijiyar, a ina? Likita kan ɗan ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da yatsa. Inda aka ji zir kamar lantarki, nan tofon ya kai. Bayan wata guda a sake dubawa, a ga ko ya matsa gaba.

Don Allah a tura wa masu jinyar irin wannan rauni.