Koyon kaɗa jita: yadda za ka yi bita ta yi maka amfani

Minti nawa ya kamata in riƙa bita?

Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa uku a rana ɗaya cikin mako. Hannu da maimaici yake koyo, kuma barcin da ke tsakanin bitar yau da ta gobe yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta riƙe abin da aka yi. Kafin ka fara, ka saita tsirkiyoyin nan shida, kowace a kan sautinta, daga mai kauri zuwa siririya: E, A, D, G, B, E. Jitar da ba a saita ba tana ɓata kunnen mai koyo.

Kan yatsuna yana zafi. Ko in dakata?

Wannan zafin kowa ya sha shi, musamman a tsirkiyar ƙarfe, don ta nailan ta fi taushi. Cikin 'yan makonni fatar za ta yi kanta. Ka yanke farcen hannun da kake dannawa da shi, ka kuma danna dab da ƙarfen da ya gitta wuyan jitar, nan ne sauti ke fita garau ba sai ka matsa da ƙarfi ba. Amma idan wuyan hannu ne ke ciwo, ka huta, ka gyara riƙonka.

Na san kod-kod (haɗin sautuka da ake fitarwa tare ta danna tsirkiyoyi), amma wajen sauyawa nake sarƙewa. Ina mafita?

A nan mutane da yawa suke karaya, abin kuwa yana damuna, domin maganinsa yana kusa. Ɗauki kod biyu kacal, misali C da Am. Sa agogo na minti ɗaya, ka riƙa sauyawa tsakaninsu kana ƙirgawa, ka rubuta adadin. Gobe ka sake. Lura da kyau: daga C zuwa Am yatsu biyu ba sa motsi ko kaɗan, guda ɗaya ne kawai ke tashi. Nemo irin waɗannan yatsun a kowane sauyi yana rage rabin wahalar. Kod F da ake kwantar da yatsa a kan tsirkiyoyi duka, bar shi tukuna sai hannu ya yi ƙwari.

Me ya sa ake cewa a yi a hankali?

Hannu yana haddace kuskure kamar yadda yake haddace daidai. Sa metronom, na'urar da ke ƙirga bugu, a kan 60 a minti. Idan ka kaɗa sau uku a jere babu tuntuɓe, ƙara bugu biyar. In ka sarƙe, koma baya.

In riƙa kaɗa waƙa tun daga farko har ƙarshe?

Ka ware gurbin da ke ba ka wuya, ka maimaita shi shi kaɗai, sannan ka haɗa shi da abin da ke gabansa da bayansa. A ƙarshen bita sai ka kaɗa waƙar gaba ɗaya don jin daɗi, ka ɗauki sautin a waya. Idan ka saurara daga baya za ka ji inda kake gaggawa, wanda ba ka ji ba lokacin da kake kaɗawa.