Waiwaye: Me ya sa ake ta kai-kawo kan makomar tsibirin Cockatoo?

A birnin Sidni na Ostireliya har yanzu ba a daina muhawara ba kan tsibirin Cockatoo, mafi girma a mashigin ruwan birnin. Wasu na so a ƙara masaukai da wuraren cin abinci don wurin ya riƙe kansa, wasu kuma na ganin kasuwa za ta haɗiye tarihi. Maganar dai ta kuɗin gyara ce, kuma ba jiya aka fara ta ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1839 aka kai fursunoni, suka fafe dutse suka yi rumbunan hatsi, suka haƙa kwarmin gyaran jirgin ruwa na Fitzroy da aka kammala a 1857. Bayan 1869 wurin ya zama gidan horon 'yan mata, ya sake zama kurkuku, sannan a 1913 ya koma wurin ƙera da gyaran jiragen sojan ruwa. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2010.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne shekarun rufewa. A 1989 ma'aikata suka ji za a sayar da wurin, suka tare a tsibirin, suna kwana suna tashi har mako 14. Bai hana ba: a farkon shekarun 1990 aiki ya tsaya. Aka yi gwanjon injuna, aka rushe gine-gine da dama, ƙwararrun da suka san kowane bututu suka watse. Sai tsibirin ya zauna kusan shekara 10 babu mai kula. Ƙarfe kuwa ba ya jiran shawara a bakin ruwan gishiri. Tsatsa ta ci injunan ɗaga kaya, rufi ya yi ta yoyo, ga dattin masana'anta na fiye da ƙarni a cikin ƙasa. Da aka miƙa wurin ga hukumar amana ta gwamnati mai kula da wuraren tarihi na mashigin Sidni a 2001, sai da aka yi shekaru ana share guba kafin a buɗe wa jama'a a 2007.

Yau mutum zai hau jirgin fito daga Circular Quay, tashar jiragen ruwa da ke tsakiyar Sidni, ya bi ta ramukan da aka huda cikin dutse, ya kwana a tanti in yana so. Amma zai ga gine-gine a kulle da shinge, kuma kuɗin gyaransu ne ake ta jayayya a kai.