Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Za Ka Shiga Daji Ka Fito Lafiya

Noma, kiwo, itace, tsintar kaɗanya da ɗiban zuma duk suna kai mutanen Zamfara daji, ko suna so ko ba sa so. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda matasa suka fi yi mini idan hira ta biyo ta kan daji, musamman waɗanda suka tashi a Gusau ko Ƙauran Namoda, sai lokacin aikin gona suke zuwa ƙauye.

Da wannan hali na tsaro, har akwai maganar shiga daji?

Akwai dajin da ba a shiga, ba kuma wani dabara da zan koya maka a kansa. Sububu, Dumburum da Kuyambana sun zama maɓoyar 'yan bindiga, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Maganata a kan dajin kusa da gari ce, inda mutane ke zuwa aiki. Shi ma kafin ka fita ka tambayi mai unguwa, mafarauta da masu babur yadda hanya ta kwana, domin labarin jiya ba ya aiki yau. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka faɗa wa na gida wajen da ka nufa da lokacin dawowarka, saboda wanda ba a san inda ya dosa ba, ba a san ta inda za a fara nemansa ba.

Me zan riƙa?

Ruwa kafin komai. Sai ashana a ƙulle cikin leda, tocila, wuƙa ko adda, takalmi mai rufe ƙafa, ƙuli-ƙuli ko dabino, da waya mai caji. Ƙara ɗan ƙullin gishiri da sukari.

Idan na yi makuwa fa, na rasa gabas da yamma?

Ka tsaya. Wannan shi ne abin da ya fi wuya, kuma shi ne ya fi ceton rai. Wanda ya ruɗe sauri yake ƙarawa, gumi na zuba, ruwa na ƙarewa, kuma sau da yawa zagaye yake yi ya dawo inda ya baro bai sani ba. Nemi inuwa ka zauna, ka yi addu'a, ka bar zuciya ta kwanta, sannan ka kasa kunne: carar zakara, sautin daka, injin niƙa, kiran salla, ƙarar babur.

Rana za ta ba ka gabas da safe, yamma da maraice. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa. Idan ka ci karo da burtali ka bi shi, domin shanu ba sa tafiyar banza, ko mashaya ko ruga za su kai ka. Rinƙa karya reshe ko jera duwatsu a inda ka bi. Idan akwai tudu ka hau ka gwada waya. Saƙon tes kan tafi a inda kira ya ƙi shiga, kuma 112 ita ce lambar gaggawa a Najeriya. In magariba ta yi, tafiya ta ƙare sai safiya.

Ruwana ya ƙare. Ina zan samu?

A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka kada ka yi tafiya da tsakar rana. Nemi busasshen gulbi, ka duba lanƙwasa inda giginya ko ɓaure suka yi kore. Tona rairayin da hannu ko ƙoƙo. Za ka ga ya fara duhu, ya yi sanyi a tafin hannu, sannan ruwa ya soma tsattsafowa a gindin ramin. Kwashe na farko mai laka, ka jira na biyu ya kwanta. Tace da kyalle, in da hali ka tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka.

Abin da nake roƙon kowa: kada a sha ruwan da ya taru a ramin haƙar zinariya ko wajen wanke ta. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire dalma.

Wanda ya galabaita, a haɗa masa lita 1 ta ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya rinƙa kurɓa a hankali.

Yunwa fa?

Ba ita ce ke fara kayar da mutum ba. Kanya, magarya, aduwa, ɗinya, goruba da taura duk mun san su. Abin da ba ka sani ba ka bar shi. 'Ya'yan zurma, bini-da-zugu da zaƙami guba ne, ruwan tumfafiya da na tinya kuwa suna lalata ido.

Maciji ya sari abokin tafiyata. In ɗaure wajen in tsaga?

A'a, ko kusa. Na san haka muka taso muna gani, amma ɗauri mai tsanani yana tsayar da jini har gaɓar ta ruɓe, a kai ga yanke ta. Tsagawa ta fi muni idan kububuwa ce, wadda ake kira gobe-da-nisa, domin dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai ce ya ji sauƙi, bayan sa'o'i sai jini ya fara fitowa daga dasashi, ko a fitsari, ko daga wani tsohon miki. Tsotsa da baki da baƙin dutse ba sa fitar da dafin da ya riga ya shiga jiki, lokaci kawai suke ci.

Ga abin yi. Janye shi daga wajen, kada a tsaya farautar macijin. Cire zobe, agogo, guru da takalmi tun kafin kumburi ya hau. Kafa wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi a kai asibiti, kada a bar shi ya taka. A can za a ɗebi jininsa a sa a kwalba mai tsabta a jira minti 20. Idan bai daskare ba, an san dafin ya yi aiki, sai allurar kashe dafi. Ita kaɗai ce maganinsa. Tun yanzu ka bincika wane asibiti ne kusa da ku ke ajiye ta.

Idan gamsheƙa ce ta yi tofi a ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai yawa, kada a murza.

Sara ya fi yawa lokacin shuka da kaka. Damin gero da ya kwana a gona, tarin itace, ramin gara: fara taɓa su da sanda kafin ka kai hannu.

Hadari ya taso, ko dare ya riske ni. Ina zan fake?

Kada ka tsaya ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili, ita tsawa ke nema. Sauka daga kan dutse, ka ajiye gatari da fartanya nesa da kai. Kada ka kwana a cikin gulbi don rairayinsa na da laushi. Ana iya yin ruwa a can sama inda ba ka gani ba, ambaliya ta iso maka cikin dare. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ya isa ya kayar da ƙato, ka jira ya janye.

Wajen kwana, zaɓi tudu, ka share ciyawa da busasshen ganye. Wuta tana maganin sanyi da sauro, amma a inda ba ka amince da wanda zai hango ta ba, gara ka haƙura da ita. In ka hura, binne ta da ƙasa kafin ka tashi, ka kuma kakkaɓe takalminka saboda kunama.