Gigin tsufa: tambayoyin da masu jinyar iyaye ke yawan yi

Shin duk wanda ya yi tsawon rai sai ya ruɗe?

A'a. Akwai tsofaffin da suka haura shekara 90 amma suna kawo maka tarihin zuri'a tiryan-tiryan. Mantuwar tsufa ta yau da kullum ita ce Hajiya ta manta inda ta ajiye carbinta, can an jima ta tuna. Abin da ya zama ciwo kuwa shi ne ta gama cin tuwo yanzu, ta ce tun jiya ba wanda ya ba ta ko ruwa, ko Baba ya ɓata a hanyar masallacin da ya yi shekaru yana salla a ciki. Wannan shi ne gigin tsufa, ciwon ƙwaƙwalwa ne, wasu na ce masa ciwon mantuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kuma cutar Alzheimer ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Akwai kuma wanda lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke jawowa, kuma shi ne ke bin bayan hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Alƙur'ani ma ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli, aya ta 70, inda ake mayar da mutum ga mafi ƙasƙancin rayuwa, ya zama bai san komai ba bayan da ya sani.

Jiya lafiya lau take, yau ba ta gane kowa. Shi ne wannan?

Da wuya. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya galibi alamar wani ciwo ce a jiki: ciwon mafitsara, zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, faɗuwar suga, ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi, ko wani sabon magani da aka fara ba ta. Tsoho na iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, ruɗewar ce kaɗai alamar. Wannan na asibiti ne a ranar, kuma sau da yawa idan aka magance ciwon hankalin kan dawo.

Inna tana cewa mun sace mata kuɗi, har a gaban baƙi. Yaya za mu yi?

Wannan ya raba zumunci a gidaje da yawa. Ta ƙulle kuɗinta a haɓar zani, ta kwance, ta tura su ƙarƙashin katifa, ta manta. Da ta laluba ba ta ji su ba, ƙwaƙwalwar sai ta cike gurbin da labari, kuma wanda ya fi kusa da ita shi ke shan zargi, wato mai wanke ta da ba ta abinci. Ɗan da ke zuwa daga Abuja sau ɗaya a wata yakan tarar da ita fes, ta gaishe shi da sunansa, ta kai masa ƙarar suruka, shi kuma ya hau kai ya zauna.

Musu da rantse-rantse ba sa amfani, don a wurinta abin da ta faɗa gaskiya ne. Sai dai a ce, "Inna, bari mu duba tare," a san wuraren da take ɓoyo, a bar mata 'yan canji a hannu, a adana manyan. Haka idan tana cigiyar mijinta da ya rasu tuni: duk lokacin da aka ce mata ya mutu, sabon makoki take yi. Gara a ja ta da hira a kansa har hankalinta ya koma wani wuri.

Abin yakan tsananta da almuru. Sai ta ɗaure kaya ta ce za ta tafi gida, alhali a ɗakinta take, ko ta ce ga mutane can a bakin ƙofa. Daga nan ake fara zancen iska da sammu, a wasu wuraren ma har a jefi baiwar Allah da maita. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti ba. A kunna fitila tun kafin duhu, a rage hayaniyar yara, a sa wa ƙofar gida sakata inda hannunta ba ya kaiwa, a kuma sanar da maƙwabta. Ɗaure tsoho ko kulle shi a ɗaki shi kaɗai zalunci ne, kuma ƙara firgita shi yake yi.

Akwai magani?

Babu mai warkarwa gaba ɗaya. Akwai irin su donepezil da kan sassauta alamomin na wani lokaci, likita ne ke rubutawa. A guji sayo maganin barci a kemis don a samu a runtsa, yana ƙara ruɗewa, yana jawo faɗuwa da karayar ƙugu. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri suna duba irin wannan, haka asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano. Idan ta kai ga kwanciya, a riƙa juya ta kusan duk awa 2, a kula da bushewar shimfiɗa, don gyambon kwanciya ya fi saurin shiga fiye da warkewa.

Wane ne jinya ta rataya a wuyansa?

'Ya'ya, maza da mata. Amma kowa ya san yadda abin yake: nauyin kan faɗa kan mace ɗaya, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗan da ke zaune a gidan gado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne ke yin kashi 70 cikin 100 na awannin jinyar masu wannan ciwo. Malamai da dama sun bayyana cewa hidimar da suruka ke yi wa iyayen miji kyautatawa ce, wajibin yana kan ɗansu. Ai kuwa wadda ke kyautatawa godiya ta cancanta, ba tuhuma ba.

Turo kuɗi ta waya taimako ne, amma kuɗi ba ya tashi ƙarfe 2 na dare ya canza zanin gado. A zauna a raba aiki da sunan kowa: wane zai sayi magani da famfas na manya, wance za ta karɓi kwanan Juma'a da Asabar, wane zai kai asibiti. Idan Baba ne ke kwance, 'ya'yansa maza su karɓi wanka da kai shi bayi, shi ma ya fi sakewa da hakan.

Wani lokaci nakan ji na gaji har raina ya ɓaci. Na shiga cikin masu saɓa wa iyaye?

Ayar Suratul Isra'i ta hana a ce musu ko "uf", ta hana a tsawace su. Gajiya kuwa halin jiki ce. Wadda ta yi watanni ba ta samu barcin kirki ba, dole haƙurinta ya yi ƙaranci. Idan kin ji abin ya taso, ki fita tsakar gida, wani ya karɓe ki. Idan kuka da rashin barci da ƙin abinci suka zame miki jiki, ke ma ki ga likita.

Salla da azuminta fa?

Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Idan ta tayar da salla ta yi raka'a shida, a ƙyale ta, kada a yi mata dariya ko gyara da faɗa. Tsohon da hankalinsa ke nan amma ba ya iya azumi, shi ake yi wa maganar ciyarwa, sai a tuntuɓi malami.

Gwamnati na da wani tanadi?

A takarda akwai. Najeriya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, a shekarar kuma Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa ta fara aiki a Abuja. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi tun 2012. A aikace dai kusan komai daga aljihun iyali yake fita, don haka yana da kyau a je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, kamar KSCHMA a Kano, a tambayi yadda ake yi wa tsoho rajista.