Sauya bel da boris a injin sassaƙa katako

Injin sassaƙa katako na'ura ce da ke riƙe guntun icce tana juya shi da sauri, masassaƙi kuma yana kara masa kaifi har ya fito da siffar da ake so, kamar ƙafar kujera ko ta gado, sandar makarin bene, kwano ko mariƙin guduma. Abubuwa biyu ne suka fi saurin lalacewa a cikinsa: bel ɗin da ke ɗauko juyi daga injin lantarki, da boris ɗin da shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya katakon, ke juyawa a kai. A injuna da yawa bel yana rataye ne a jikin shaf, tsakanin boris na gaba da na baya, ta yadda ba a iya fitar da shi sai an zare shaf gaba ɗaya. Shi ya sa masu gyara suka saba haɗa ayyukan biyu a zama ɗaya.

Yadda aka harhaɗa kan injin

A hannun hagun mai aiki akwai kan injin, wato akwatin ƙarfe da shaf ya ratsa. A bakin shaf ake ɗaura mariƙin katako, a kan bari, wato layukan da aka yanka a jikin ƙarfe irin na sukuru. Injunan da aka yi wa kasuwar Turai galibi barin bakinsu M33 ne, wato mai faɗin milimita 33, ƙananan na Amurka kuwa inci 1 mai bari 8 a kowane inci. Cikin shaf akwai rami mai tsukewa, inda ake cusa tsinin da ke kama katako, a kan ma'aunin da Stephen Morse ya ƙirƙiro a 1864, kuma lamba 2 ce aka fi samu.

Fuli, wato faifan ƙarfe mai kwarmin da bel ke hawa, guda biyu ne, ɗaya a kan injin lantarki ɗaya a kan shaf, kowanne da matakai manya da ƙanana. Da su ake sauya gudu. Injin lantarki mai juyi 1,440 a minti, idan fulinsa milimita 50 ne na shaf kuma 100, katako zai riƙa juyi 720 a minti.

Bel

Bel mai siffar V, wanda John Gates ya fito da shi a birnin Denba na Amurka a 1917, da gefunansa biyu yake kama fuli, gindinsa bai kamata ya taɓa ƙasan kwarmi ba. Idan aka ga ƙasan kwarmin yana sheƙi, to bel ya cinye ko kuwa fulin ne ya zaizaye. Girmansa na rubuce a bayansa: harafin A na nufin faɗin milimita 13, Z kuma 10, lambar da ke biye tana nuna tsawo. Sababbin injuna sun fi amfani da bel mai faɗi da ƙananan layuka a cikinsa, wanda ke iya zagaya ƙaramin fuli ba tare da ya tsage ba.

Bel da ya gaji yana nuna kansa. Yakan yi ƙara lokacin tashi, ya riƙa zamewa da zarar kaifi ya shiga katako, gefensa ya yi santsi, cikinsa ya tsattsage. Wanda ya daɗe a ajiye kuma yakan sandare da siffar fuli, sai injin ya riƙa karkarwa a kowane zagaye. Akwai bel na haɗe-haɗe, mai gaɓoɓi da ake ƙullawa da hannu, wanda ake iya sawa ba tare da an zare shaf ba, amma kwarmin V kaɗai yake shiga.

Boris

Yawancin injunan katako suna amfani da boris mai ƙwallaye na jerin 6200 ko 6000. Lambar da ke jikinsa ma'aunin duniya ce, saboda haka ba dole sai an nemo na kamfanin da ya ƙera injin ba. Daga 04 zuwa sama, ana ninka lambobi biyu na ƙarshe sau 5 a sami faɗin ramin: 6204 raminsa milimita 20 ne, faɗinsa na waje 47, kaurinsa 14, 6205 kuwa 25 da 52 da 15. Ƙananan ba su bin wannan lissafi, domin 6203 milimita 17 ne, 6202 kuma 15.

Haruffan da ke bayan lambar suna da muhimmanci ƙwarai. ZZ murfin ƙarfe ne, 2RS kuma murfin roba a fuska biyu. A wurin da garin katako ke tashi wuni guda, ga ƙurar hunturu a kai, mai murfin roba ya fi dacewa, don ƙura idan ta haɗu da giris sai ta zama tamkar yashin goge ƙarfe. Boris mai murfi yana zuwa da giris ɗinsa daga masana'anta, ba a buɗe shi a ƙara masa. Wasu manyan injuna suna da boris mai gungura irin na Henry Timken, wanda ya yi rajistarsa a 1898. Wannan da noti ake daidaita matsinsa, kuma shi ana sa masa giris. Jabun boris masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni sun yi yawa a kasuwa, kuma arharsu ba ta biyan wahalar sake kwance injin bayan 'yan watanni.

Kafin a ɗora wa boris laifi, a sauke bel daga fuli a juya shaf da hannu. Lafiyayye yana tafiya sumul ba sauti. Idan aka ji gurzawa kamar tsakuwa, ko shaf na motsi sama da ƙasa in an jijjiga shi, ko kan injin na yin zafin da hannu ba ya jurewa, to lokaci ya yi. Sau da yawa ƙarar da ake zargin boris da ita sukurun fuli ne kawai ya kwance.

Kwancewa

Ana fara cire fulogi daga wuta, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Sai a sassauta injin lantarki bel ya saki, a cire mariƙin katako da abin juyawa da hannu na bayan shaf. A wasu injunan barin wannan na hagu ne, mai ƙoƙarin kwance shi ta hanyar da aka saba ƙara ɗaure shi yake yi. Fuli na riƙe da shaf da ƙananan sukurori da ake kwancewa da alanki, wani lokaci biyu a rami ɗaya, ɗaya bisa ɗaya. Wanda ya cire na sama ya kama duka, zai karce shaf ɗin da na ƙasa. Yana da kyau a yi wa mazaunin fuli alama, a kuma jera zobba da sauran ƙananan ƙarafa bisa tsarin da suka fito.

Galibi ta wajen gaba shaf ke fita. Ana bugun bayansa a hankali da gudumar roba, ko a kara guntun katako tsakani. Gudumar ƙarfe kai tsaye tana buɗa bakin shaf ta ɓata bari, kuma shaf ya fi boris tsada nesa ba kusa ba, a tsofaffin injuna ma samunsa aiki ne.

Sa sabo

Nan ne aka fi yin ɓarna. Boris zobba biyu ne, na ciki da na waje, ƙwallaye a tsakani. Ƙa'idar ita ce ƙarfi ya bi ta zoben da ake tura wa kawai: in a kan shaf ake sa shi, zoben ciki ake dannawa, in cikin ramin kan injin ne, na waje. Idan bugu ya ratsa ta ƙwallayen, sukan bar ƙananan lotsawa a hanyarsu, sai sabon boris ya tashi da gurnani tun ranar farko. Guntun bututu mai faɗi daidai da zoben yana wadatarwa, amma jan boris a hankali da dogon ƙarfe mai bari da noti ya fi bugu aminci. Wasu kan sa shaf a firji ya ɗan tsuke, su ɗumama boris ya ɗan buɗe. Mai murfin roba bai kamata ya wuce zafin digiri 80 ba, kuma ba a kara masa harshen wuta.

Kafin a mayar da shaf, a tabbata sabon bel na rataye a cikin kan injin. Mantuwa ce da take samun har ƙwararru, kuma maganinta sake kwancewa daga farko.

Daidaitawa

Dole fuli biyu su tsaya a layi ɗaya. Ana kara miƙaƙƙen ƙarfe a gefensu a duba. Sukurun fuli ya sauka a kan makulli, wato ɗan guntun ƙarfen da ke hana fuli zamewa a kan shaf, ko shafaffen wurin da aka tanada a jikin shaf. Game da ɗaurin bel, ma'aunin da aka saba shi ne ya lotsa kimanin milimita 16 a kowace mita ta tazarar fuli biyu idan an danna tsakiyarsa, wato kusan milimita 5 a tazarar santimita 30. Ɗaurin da ya wuce kima yana jan shaf gefe guda, yana cinye boris ɗin shaf da na injin lantarki tare, kuma a ƙananan injuna da dama nauyin injin lantarkin da ɗan danni kaɗan sun isa.

Daga nan sai a kunna a gudu mafi ƙanƙanta, ba katako, na wasu mintuna, ana sauraro ana taɓa kan injin. Ɗan ɗumi a farko ba matsala ba ne, giris ne ke neman wurin zama. Sai a matso da tsinin wutsiyar injin, wato ɓangaren dama da ke tokare ɗaya ƙarshen katako, kusa da tsinin shaf a ga ko sun haɗu baki da baki. Sabon bel yakan ɗan saki bayan awannin farko na aiki, sai a sake duba ɗaurinsa tare da sukurorin fuli.