Zana tayil mara maimaici da manhajar bekta

Tayil mara maimaici tsari ne na rufe fili da siffofi ba giɓi ba hawa kan juna, amma in ka ɗau zanen gaba ɗaya ka gusar da shi gefe ba zai taɓa zama daidai a kan kansa ba komai nisan da ka je. A 1966 Robert Berger ya fito da saitin farko na tayil da ba sa rufe fili sai ta wannan hanyar, tayil iri 20,426, sai a shekarun 1970 Roger Penrose na Ingila ya rage su suka koma biyu kacal, a 2023 kuma David Smith da abokan aikinsa suka bayyana siffa guda ɗaya mai gefe 13 da ake kira hula.

Na Penrose shi aka fi zanawa, siffofi biyu ne irin daimon masu gefe tsawo ɗaya, mai ƙiba kusurwoyinsa digiri 72 da 108, siririn kuma 36 da 144. In filin ya yi girma za ka ga masu ƙiba sun ninka sirara kusan sau 1.618.

Dalilin da yasa ake amfani da bekta, irin su Inkscape da Adobe Illustrator, shi ne manhajar tana ajiye layi a matsayin lissafi ba ɗigo-ɗigon hoto ba, ko ka zuƙo shi sau dubu bakinsa garau yake, kuma za ka rubuta mata digiri 36 ta juya maka 36 cif. Wannan ba ƙaramin abu bane, don in ka kuskure da rabin digiri a tsakiya kafin ka jera tayil ɗari ka ga baki ya buɗe, shi yasa dole a kunna abin nan da ke sa kusurwa ta maƙale a kan kusurwa da kanta, kar a dogara da ido.

Inda sababbin hannu ke shan wuya shi ne jerawa ɗaya bayan ɗaya. Ko ka bi alamomin da ke gefen tayil ɗin, masu nuna wane gefe zai haɗu da wane, sau da ƙafa kana iya isa wani lungu da babu wanda zai shiga, alhali ɓarnar tun can baya aka yi ta. Hanyar da ta fi, gaskiya, ita ce tsagawa. Ka jera siraran alwatika 10 su yi da'ira, kowanne kusurwarsa 36 a tsakiya, kana kifa ɗaya bayan kowane ɗaya kamar a madubi, sannan ka tsaga kowane siriri gida 2, alwatika mai faɗi da zai fito daga tsagawar kuma ka riƙa tsaga shi gida 3, wurin yankan yana kan 0.618 na tsawon gefe, haka za ka yi ta yi zagaye biyar ko shida, daga nan ka haɗa su biyu-biyu daimon ya fito. Masu iya rubuta kod ma gajeren shiri suke yi da yaren kwamfuta na Python ya fitar da fayil ɗin SVG, wato fayil na zanen bekta, sai su buɗe shi a Inkscape su zuba kala.