Cisco Systems

Cisco Systems kamfani ne na ƙasar Amurka mai ƙera na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna, da kuma manhajojin da ke tafiyar da su. Hedikwatarsa tana birnin San Jose a jihar Kalifoniya. An kafa shi a watan Disamba na 1984, kuma an ciro sunansa daga wutsiyar sunan birnin San Francisco. Tambarinsa ma zanen gadar Golden Gate ce ta wannan birni. Ya fi shahara da na'urori biyu: rauta, mai zaɓa wa saƙo hanya tsakanin rukunin kwamfutoci daban-daban, da suwic, mai rarraba saƙo tsakanin kwamfutocin da ke gida ɗaya.

Asali

Mata da miji ne suka kafa shi, Sandy Lerner da Leonard Bosack, dukansu ma'aikatan Jami'ar Stanford. Shi yana kula da kwamfutocin sashen kimiyyar kwamfuta, ita kuma na makarantar koyon kasuwanci. A wancan zamani kowane kamfani da irin yaren da kwamfutocinsa ke ji, ta IBM ba ta fahimtar ta DEC, ta Apple ma da nata daban. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Illela ranar da take ci ya san irin wannan hali: ga Bahaushe, ga Bazabarme, ga Bafulatani, ga Buzu, ciniki ba ya faɗawa sai an samu mai jin harsunan duka. Aikin da rautar farko ta yi ke nan, tafinta ce kuma 'yar jagora.

Sai dai ba su biyun suka ƙirƙiro ta su kaɗai ba, ko da yake haka aka fi ba da labarin. William Yeager, injiniya a makarantar likitanci ta jami'ar, shi ya rubuta ainihin manhajar, Kirk Lougheed kuma ya gyara ta ya faɗaɗa ta. Da jami'ar ta ga ana sayar da abin da aka ƙera a cikin gidanta, sai rigima ta tashi. Bosack da Lougheed suka ajiye aiki a 1986, shekarar da kamfanin ya fara sayar da rautarsa mai suna AGS, wadda ake harhaɗawa a gidan ma'auratan. A 1987 aka sasanta, Stanford ta ba Cisco lasisin manhajar.

Shigowar masu kuɗi

A 1987 Don Valentine na kamfanin zuba jari Sequoia Capital ya zuba kusan dala miliyan 2.5, ya kuma samu ikon zaɓen shugabanni. Shi ya kawo John Morgridge a 1988 ya zama shugaba. Ran 16 ga Fabrairu 1990 aka fara sayar da hannayen jarin kamfanin a kasuwar Nasdaq, darajarsa a lokacin dala miliyan 224. Watanni shida bayan haka aka sallami Lerner, Bosack ya bi ta ya fita. Suka sayar da kasonsu kan kimanin dala miliyan 170, kuɗin da ya yi kama da tsiya idan aka dubi abin da hannayen jarin suka koma bayan shekara goma.

Girma ta hanyar saye

Abin da ya bambanta Cisco da takwarorinsa shi ne bai tsaya jiran injiniyoyinsa su ƙirƙiro komai ba. In ya ga ƙaramin kamfani ya fito da sabon abu, sai ya saye shi da ma'aikatansa gaba ɗaya. Na farko shi ne Crescendo Communications a 1993, daga nan ne jerin suwic ɗin Catalyst ya samo tushe. Kalpana ya biyo baya a 1994, StrataCom a 1996 kan dala biliyan 4, Cerent a 1999 kan kusan biliyan 7. John Chambers, wanda ya hau shugabanci a 1995 ya yi shekara ashirin a kai, shi ya mayar da wannan saye-saye al'adar gidan.

A watan Maris na 2000, lokacin da duniya ta haukace da hannayen jarin intanet, darajar Cisco ta wuce dala biliyan 500, ta zarce ta Microsoft, ya zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci. Shekara ta kewayo, kamfanonin da ke saye daga wurinsa suka durƙushe. A 2001 ya yi asarar kayan da ke jibge a rumbu na sama da dala biliyan 2, ya sallami ma'aikata kusan 8,500.

Kasuwar na'urorin amfanin gida ba ta karɓe shi ba. Ya sayi Linksys, mai ƙera rautar gida, a 2003, ya sayar wa Belkin a 2013. Kyamarar Flip da ya saya a 2009 kuwa, shekara biyu kawai ta yi aka rufe ta. Sayen WebEx mai manhajar taro ta intanet a 2007 da na Meraki mai na'urorin sadarwa a 2012 sun fi yin albarka. A 2003 ya kai kamfanin Huawei na ƙasar Sin kotu bisa zargin kwafar manhajarsa, aka janye ƙarar a 2004. Chuck Robbins ya gaji Chambers a 2015, kuma a zamaninsa aka yi saye mafi tsada a tarihin kamfanin: Splunk, mai manhajar nazarin bayanai da tsaron kwamfuta, kan dala biliyan 28, a 2024.

Cisco a Sakkwato

Mai cire kuɗi a banki a titin Kano, ko ɗalibin da ya zauna jarrabawar JAMB ta kwamfuta, ba ya ganin rauta ko suwic. Suna kulle a wani ɗan ɗaki mai na'urar sanyaya iska, don zafin bazarar Sakkwato, wanda ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, su ne manyan abokan gabar irin waɗannan kaya. Masu ƙananan shaguna da gidaje sun fi sayen TP-Link ko MikroTik ko Huawei saboda sauƙin kuɗi, kayan Cisco sai manyan ma'aikatu.

Inda sunan ya fi shiga bakin matasa shi ne wajen neman takardar shaida. Kamfanin ya fara jarrabawar CCIE ta ƙwararru a 1993, ya buɗe shirinsa na koyarwa, Networking Academy, a 1997, sannan CCNA ta masu farawa ta zo a 1998. Dabara ce ta kasuwa: wanda ya koyi ba na'ura umarni da yaren Cisco, ranar da ya zama shugaban sashe, kayan Cisco zai ce a sayo. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ba shi da kuɗin sayen rauta ko ta hannu, yakan yi atisaye da Packet Tracer, manhajar kwaikwayo da kamfanin ke bayarwa kyauta. A kan allon laftof ɗinsa zai jawo rauta biyu da suwic uku, ya haɗa su da wayoyin zane, ya rubuta umarni layi-layi, sannan ya tura saƙon gwaji ya zuba ido ya ga ko amsa za ta dawo daga ɗaya ɓangaren.